Shafin Intanet na Reshe: A Tsara Darasi Kafin a Shiga Aji

A taron reshe da ya gabata an kawo shawarar a fitar da kuɗi daga asusun ƙungiya a gina wa reshenmu shafin intanet, zaure kuma ya karɓe ta da tafi. Mu ma mun tafa. Sai da muka koma gida muka sake nazarin takardar da mai ƙera shafin ya gabatar, sannan jikinmu ya yi sanyi. Daga farkonta har ƙarshe bayanin launi ne, da tambari, da hotunan da za su riƙa juyawa da kansu a fuskar farko, da gurbin jawabin maraba na shugaba. Babu layi ɗaya da ya faɗi abin da malamar aji uku a makarantar ƙauye za ta samu idan ta ƙona datarta ta buɗe shi. Ba mu ga laifin saurayin ba, domin abin da aka tambaye shi ya amsa. Mu ne muka aika a yi wa ɗaki fenti tun ba mu yanke abin da za a ajiye a cikinsa ba.

Abin mamakin shi ne mu malamai ne, kuma babu wanda ya fi mu sanin illar shiga aji babu shiri. Kowane hedimasta a cikinmu ya taɓa mayar wa malami littafin tsara darasi saboda ya cika shi da kyakkyawan rubutu amma bai faɗi abin da ɗalibi zai iya ba idan an kaɗa ƙararrawa. Manufa ake fara rubutawa, sannan kayan aiki, sannan matakai, daga ƙarshe a auna ko an fahimta. Wannan ƙa'idar muke roƙon kwamitin zartarwa ya ɗora shafin a kanta. Kuɗin da za a kashe daga albashin membobi ake yankarsa wata-wata, har da na malamin da albashinsa ba ya ganin ashirin ga wata, saboda haka yana da haƙƙin a gaya masa me zai amfana.

Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da ya kamata shafin ya ƙunsa ita ce a tambayi sakataren reshe irin kiran da ke tashinsa daga barci. Mun tambaye shi. Ba a taɓa kiransa don a ji tarihin rayuwar shugabanni ba. Ana kiransa a ji ko gaskiya ne za a yi tantancewa ranar kaza, da takardun da za a zo da su. Ana kiransa a ji ko sunayen ƙarin girma sun fito, da yadda ake shigar da ƙorafi idan an tsallake mutum. Matasan da aka ɗauka kwanan nan suna tambayar yadda ake rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, da lokacin jarrabawarta, da yadda ake sabunta lasisi. Waɗanda furfura ta fara kama su kuwa tambayarsu ɗaya ce. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a 2022 a kan dokar da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, jihohi ba su tafi da ita bai ɗaya ba, kuma har yau akwai malamin da ba zai iya faɗa maka da tabbaci shekarar da zai ajiye alli ba. Shafin da ya bayyana matsayin jiharmu a kan wannan batu ƙarara, ya ɗora takardar hukuma da lambarta da kwanan watanta, ya biya kuɗinsa ko da ba shi da hoto ko ɗaya.

Akwai kuma mai karatun da takardar saurayin ba ta san da zamanta ba, alhali ita ce ta fi kowa bukata. Muna nufin matar malamin da Allah ya yi wa rasuwa a bakin aiki. Duk wanda ya taɓa raka iyalan abokin aiki neman haƙƙin mamaci ya san yadda abin yake. A je ofis a ce ba a zo da takardar ɗaukar aiki ta farko ba. A koma a nemo ta a ƙasan akwati, a dawo a ce saura takardar shaidar rasuwa. A kawo wannan a ce sai da takardar kotu ta magada. Kowace tafiya kuɗin mota ce, kuma sau da yawa matar tana cikin takaba, ƙanen miji ko babban ɗa ake aikawa, shi kuma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Jerin takardun nan duka ba zai cika rabin falle ba. Da a ce yana rubuce a wuri guda cikin Hausa mai sauƙi, tare da sunan ofishin da za a fara zuwa, da ranakun da ake samun jami'in walwala na reshe, da an rage wa marayu tafiya uku ko huɗu. Muna ba da shawarar wannan ya zama abu na farko da za a rubuta, kuma a haɗa shi da muryar wani daga cikinmu yana karanta shi, saboda iyalan da ba sa karanta boko. Haka kuma a yi wa mai shirin ritaya nasa jerin, daga wasiƙar sanarwa har zuwa fansho da garatuti.

Mun ji masu cewa WhatsApp ya wadatar, kuma kyauta ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don babu abin da ya kai shi saurin isar da saƙo. Amma kowa ya ga yadda sanarwar gaske ke nutsewa cikin gaisuwar Juma'a da hotunan biki kafin azahar, ya kuma ga yadda takardar shekara biyu da ta wuce ke dawowa an yanke kwanan watanta, ta tayar da hankalin malamai, wasu har su bar aji su yi sammakon zuwa sakatariya a banza. WhatsApp mai shela ne, kuma mai shela yana bukatar fadar da za a je a tabbatar da abin da ya faɗa. Amfanin shafin ke nan: wuri ɗaya tabbatacce, wanda idan saƙo ya zo a waya za a leƙa a ga ko reshe ya san da shi. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai kowace sanarwa ta ɗauki kwanan wata da muƙamin wanda ya fitar da ita, kuma an cire ta ko an yi mata alama idan lokacinta ya wuce.

Idan an gama da abin da za a faɗa, sai a zo kan siffa, kuma a nan ma'auninmu wayar malamin ƙauye ce. Shafin da ya yi kyau a kwamfutar mai ƙera shi a cikin gari yana iya ƙin buɗewa a inda sai an hau tudu ake samun sabis. Tun watan Janairun 2025 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari, data ta zama abin lissafi a gidan malami. Hoto guda da aka ɗauka da waya aka ɗora ba a rage masa nauyi ba yakan kai megabait uku ko huɗu, alhali rubutu tsantsa na kalmomi dubu bai kai kilobait 10 ba. Hotunan nan masu juyawa, a taƙaice, malamar da ta zo duba ranar tantancewa ce za ta biya kuɗin kallonsu, ko tana so ko ba ta so. A sa rubutu a gaba, da manyan baƙaƙe saboda masu tabarau, a taƙaita ƙofofin fuskar farko su zama kaɗan masu suna a fili: sanarwa, ƙarin girma, ritaya, haƙƙin mamaci, tuntuɓa. Takardun hukuma da Turanci suke zuwa, to a ɗora su yadda suke, a rubuta ma'anarsu da Hausa a kansu.

Tun da an zo kan Hausa, bari mu ɗan ratse. Malaman harshe a cikinmu ba za su yafe mana ba idan shafin ƙungiyar malamai ya kasa bambanta kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. Wasu nau'o'in baƙaƙen kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu, ko su aro harafin daga wani zubi ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo. Gwajin ba shi da wuya. A ba mai ƙera shafin jimla guda mai ɗauke da su duka, a buɗe ta a wayoyi uku mabambanta kafin a biya shi kason ƙarshe.

Abin da ba za a ɗora ba ma yana bukatar shawara tun yanzu. Mun saba ganin jerin sunayen malamai yana yawo a waya ɗauke da lambar fayil, da lambar asusun banki, da lambar waya, da makarantar da kowa yake. A wannan zamani na 'yan damfara, da kuma halin tsaron da wasu yankunanmu ke ciki, tara wa baƙo sunan malami da ƙauyen da yake kwana da lambarsa a fili ganganci ne. Doka ma ta shigo ciki: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kiyaye su, ta kuma nemi yardar iyaye ko waliyyi a kan bayanan yara. Saboda haka hotunan ɗalibai a bikin Ranar Malamai ta 5 ga Oktoba ba abin ɗorawa ba ne don kawai sun yi kyau. Idan sunayen ƙarin girma sun fito, ya isa shafin ya ce sun fito, ya faɗi inda mutum zai je ya duba nasa.

Sai batun mallaka, wanda a nan ne ƙungiyoyi da yawa suka yi asara. Adireshin shafi haya ake yi, shekara-shekara ake sabuntawa, haka ma wurin da ake ajiye shi. Adireshin da ke ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, kuma akwai rukunin .org.ng da ya dace da irinmu. Wanda sunansa ke kan rajistar shi ne mai shi. Mun san wata ƙungiyar unguwa, ba za mu kama suna ba, da ta biya aka yi mata shafi mai kyau, ashe yaron da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar. Ya samu aiki a wani gari, layinsa ya daina shiga, shekara ta zagayo ba a sabunta ba, shafin ya ɓace, adireshin kuma yana nan buge a kan takardun wasiƙarsu da kalandarsu. Don haka a rubuta a yarjejeniya cewa da sunan reshe da imel ɗin reshe za a yi rajista, kalmomin sirri su kasance a hannun sakatare da ma'aji, kuma su shiga cikin kayan da ake miƙawa bayan zaɓe tare da littafin taro da takardun banki. Kuɗin sabuntawa ya shiga kasafin kowace shekara da sunansa. Tun da kuma reshe ɓangare ne na ƙungiyar NUT, wadda ke ɗauke da sunanta tun 1931, ladabi ne a sanar da shugabannin jiha kafin a kafa tambarinta a wani sabon wuri.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce wa zai riƙa sharar gidan. Shafin da sanarwarsa ta ƙarshe ta shekara guda ya fi rashinsa illa, domin wanda ya leƙa sau biyu bai ga sabo ba ba zai sake dawowa ba, wanda kuma ya dogara da tsohon bayani zai yi tafiyar banza ya zagi ƙungiya. Muna bukatar mutum biyu da aka ambata da muƙaminsu, waɗanda mai ƙera shafin zai koya wa ɗora sanarwa daga wayarsu ba tare da sun neme shi ba, a ware musu kuɗin data, a kuma tsayar da ranar mako da za su duba komai. Akwai malaman kwamfuta a makarantunmu da za su iya wannan, wasunsu ma su ke taimaka wa 'yan uwansu masu shaguna da ƙungiyoyin iyayen yara da irin wannan aiki. Idan aka nema ba a samu mutum biyun ba, ra'ayinmu shi ne a haƙura da babban shafi, a yi falle guda mai ɗauke da jerin takardun ritaya, da na haƙƙin mamaci, da lokutan ofis, abubuwan da ba sa sauyawa kowane wata.

Roƙonmu ga kwamitin zartarwa shi ne a jinkirta fitar da kuɗin zuwa taro na gaba. Kafin nan, kowane wakilin makaranta ya zagaya abokan aikinsa, har da waɗanda suka yi ritaya a unguwarsa da iyalan waɗanda suka rasu, ya rubuto tambayoyi biyar da suka fi damunsu. A tara su a kan tebur, a ware masu maimaituwa, a raba wa membobi su rubuta amsoshin, sakatare ya tabbatar da kowace daga takardar hukuma. Ranar da amsoshin suka kammala a rubuce, sai a kira saurayin nan a miƙa masa su, a tambaye shi nawa zai karɓa ya sa su buɗe a wayar da ta fi kowace tsufa a zauren.