Gammon Kirsimeti: Adon da Ba Ya Jawo Bashi

Ga hunturu ya fara busowa, leɓuna sun soma tsagewa, yara kuwa tun yanzu sun dame mu da tambaya a aji: "Malam, saura kwana nawa?" Kowa ya san ba kwanakin jarrabawa suke ƙirgawa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar ado a wannan wata shi ne abin da muke gani a watan Janairu. Mu da muke riƙe da alli mun san benci nawa ne suke zama babu kowa a makon farko na komawa makaranta. In aka bi sawu, sau da yawa sai a tarar kuɗin makaranta ya narke tun cikin Disamba. Ba mu ce kome ba a kan shinkafa da nama da ɗinkin yara, gama biki ne. Amma akwai wata ƙofa da kuɗi yake zurarewa ba a ankara ba, watau kayan ƙyalƙyali na roba da ake jibgewa a kasuwa, waɗanda kwana goma kawai suke yi a bango, ƙura ta rufe su, a zubar. Ba muna cewa a bar gida haka nan kamar ranar Talata ba ne. Muna cewa daidai ruwa, daidai tsaki, kuma abin da za a ƙawata ɗaki da shi yana nan zube a tsakar gida.

Bari mu fara da zoben ganyen nan da kuke gani a katin gaisuwa, an rataye shi a ƙofa da jan ƙyalle. Ba mu da sunansa a Hausa, amma duk macen da ta taɓa ɗaukar tulu ta san gammo, to, mu kira shi gammon Kirsimeti. Mutane da yawa suna tsammani kayan masu kuɗi ne. Ga yadda irin wanda ake sa wa kyandir ya samo asali. A ƙasar Jamus an yi wani malamin addini mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda a 1833 ya buɗe gidan renon yaran matalauta a gefen birnin Hamburg, ana ce da gidan Rauhes Haus. Yaransa ma irin namu ne, kullum suna tambaya yaushe Kirsimeti zai zo. A 1839 sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki, ya jera mata ƙananan kyandirori jajaye domin ranakun mako, da manya farare guda huɗu domin ranakun Lahadi. Kowace rana a kunna ƙarin guda ɗaya, yaro ya ƙirga waɗanda suka rage da kansa, ya bar malam ya huta. Sai daga baya aka soma lulluɓe ƙafar keken da ɗanyen ganye. Da abin ya shiga gidajen mutane, inda babu wurin rataye ƙatuwar ƙafar keke, aka rage kyandir ɗin zuwa huɗu, ɗaya domin kowace Lahadi cikin huɗun da suke gaban Kirsimeti. Kun ga ashe daga tarkacen bayan gida aka fara shi, a gidan yaran da ba su da ko anini.

Turawa suna yin nasu da ganyen itatuwan da ba sa kaɗewa lokacin sanyinsu, domin a lokacin nan yawancin itatuwansu sun zama tsirara. Mu ma muna da namu da suke tsayawa kore cikin rani. Gawo ma sai da rani yake yin ganye, sai dai ƙayarsa ba ta wasa da yatsun yara. Mun gwada iri iri a makaranta. Ganyen darbejiya, wanda waɗansu suke ce wa dogon yaro, yana da kyau ranar farko, amma kafin kwana biyu ya yi yaushi ya sunkuya kamar wanda aka yi wa faɗa. Ganyen mangwaro ya fi shi jurewa domin yana da kauri. Wanda ya fi duka shi ne ganyen itacen turare, gama ko ya bushe ba ya zubewa da wuri, ga kuma ƙanshi a ɗaki.

Kafin ganye sai an sami zoben da za a ɗaura shi a kai. Wanda yake ƙauye ya yanko tsumagiyar geza ko sabara guda biyar ko shida tun suna ɗanye, ya lanƙwasa su, ya murɗa su a juna har su zama zobe mai faɗin inci 12 ko 14. Kaba ma tana yi, in an jiƙa ta an kitsa. Wanda yake birni ya nemi tsohon kwali, ya kifa faifai a kai ya zana, ya kifa ƙaramin kwano a tsakiya ya sake zanawa, ya yanke. A haɗa biyu domin ya yi ƙarfi. Na majami'a kuwa, wanda ake so a hango daga bencin baya, babu kamar tsohuwar ƙafar keke da yara suke garawa a titi. A roƙe su aro, a kuma cika alkawari a mayar.

Wurin ɗaurin ne yawanci ake kuskure. Kada a riƙa soka ganye ɗai ɗai, zai fito kamar kan da ba a taje ba. A tara reshe uku ko huɗu masu tsawon yatsa biyu a yi ɗan dami, a kwantar da shi a kan zoben, a naɗe gindinsa da zare mai ƙarfi ko igiyar rama sau uku. Kada a yanke zaren. A kwantar da dami na biyu yadda kansa zai rufe gindin na farko, a naɗe, a ci gaba haka, duka suna fuskantar gefe guda. In an zagayo, sai a ɗaga kan dami na farko a cusa gindin na ƙarshe a ƙarƙashinsa, a ƙulle. Yarinyar da ta iya kitso ba ta bukatar a nuna mata sau biyu. A yi wannan aiki ran 23 ko 24 ga wata, a riƙa yayyafa masa ruwa da safe, a kuma rataye shi inda rana ba ta dukansa.

Jan da yake ƙawata koren nan ba sai an saya ba. Busasshen zoɓo yana nan a kowane gida, haka jan barkono, haka ƙyallen atamfa da yake zube a ƙarƙashin keken tela. Auduga kaɗan ta ba da fari. Amma muna roƙonku, iyaye, ku yi hankali da idon zakara, 'ya'yan nan jajaye masu ɗigon baƙi da yara suke son tsinta. Suna da kyau ƙwarai a ido, amma dafi ne mai kisa in aka tauna, kuma mai rarrafe ba abin da yake tsinta bai kai baki ba. Haka 'ya'yan zurma. Kada su shiga cikin kayan ado ko kaɗan.

Akwai kuma busasshen gammo, wanda mu a gidanmu muka fi so domin ya fi kama da ƙasarmu a watan Disamba. Ana yinsa da zangarniyar dawa, da ta gero, da ɓawon masara da aka jiƙa ya yi laushi aka ƙulla shi a jikin zoben. Shekarar da muka fara yi, wata tsohuwa a ikilisiyarmu ta tsaya ta dube shi, ta ce mana, "Malam, hatsi ba abin wasa ba ne." Mun ga gaskiyarta. Tun daga ran nan muke zaɓen zangarniyar da tsuntsaye suka riga suka ci rabinta, bayan biki kuma a sussuke abin da ya rage a watsa wa kaji. A rataye shi sama sosai. Namu na farko akuya ce ta yi Kirsimeti da shi tun ran 22.

Yanzu sai maganar wuta, a nan kuwa ba mu da wasa. Wichern bai san hunturu ba, bai san zana da jinka ba. Wata shekara a ajinmu muka kafa kyandir huɗu a tsakiyar gammon ɓawon masara, muka juya baya muna rubutu a allo. Ihun yara muka ji. Allah ya rufa asiri tulun ruwa yana kusa, mayafin tebur kaɗai muka rasa, amma har yau in muka tuna yara arba'in da ƙofa ɗaya, sai gabanmu ya faɗi. Saboda haka busasshen gammo da wuta kada su haɗu har abada. Mai son kunna kyandir ya cika tire da jiƙaƙƙen yashi, ya kafa kowane kyandir cikin gwangwanin madara da aka cika da yashi, ya kewaye bakin tiren da ɗanyen ganye nesa da harshen wuta. A kunna lokacin addu'ar iyali, a kashe da an ce amin, babba yana wurin. Wanda kuma ba ya son kasada, ga wata dabara da ta yi mana aiki: a yanka taurarin takarda 24, daga 1 ga Disamba kowace safiya yaro ɗaya ya liƙa guda a jikin zoben kwali. Ƙirgen dai shi ne, kuma ba ya cin ko ashana.

Sarƙar takarda aikin ƙananan yara ne, suna kuwa sonsa. A yanka tsohuwar kalanda ko takardar da aka naɗo kaya, faɗin inci 1, tsawon inci 6. A liƙa bakin ta farko ta zama zobe, a zura ta biyu a ciki a liƙa, haka har ta yi tsawo. Zobe takwas suna ba da wajen ƙafa ɗaya, watau ɗaki mai ƙafa 12 zai ci ɗari da 'yan kai in ana so ta ɗan yi lilo a tsakiya. Farar takarda ana iya rina ta da ruwan zoɓo ko shuni ko gangamau, a shanya kafin a yanka. Abin liƙi kuwa, a dama cokali ɗaya na sitacin rogo ko fulawa cikin kofin ruwa, a dafa ana juyawa har ya yi kaurin koko, a bar shi ya huce. A yi na yini ɗaya kaɗai domin yana tsami. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana ya fi shi riƙo. Sai dai a duba takardar da yara suke yankawa. Mun taɓa samun littafin lissafi na wani ɗan aji biyar yana lilo a saman ƙofa. Takardar da take ɗauke da Maganar Allah ba ta yanka ba ce, haka nan wadda take da rubutun Arabiyya da maƙwabtanmu suke girmamawa. Za su shigo yi mana barka, kada su tarar da abin da zai ɓata musu rai.

Tauraro ba shi da wuya. Sillen kara biyar masu tsawo ɗaya, a ɗaure bakunansu biyu biyu yadda ake zana tauraro ba a ɗaga fensir ba, a naɗe shi da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi ko biskit. Babba ne zai riƙe reza, gama ɓawon kara ma kansa yana yanka.

Yaran da suka saba gina shanun laka a bakin rafi sai a ba su aikin garken dabbobi. Wannan al'ada ana danganta ta da Faransis na Assisi, wanda a 1223, a ƙauyen Greccio na ƙasar Italiya, ya sa aka kawo komi da ciyawa da sa da jaki masu rai, domin talakawa su gani da idonsu irin wurin da aka kwantar da Mai Ceto. Yaranmu sun fi 'ya'yan Turawa sanin kamannin komi da turke. A cuɗa yumɓu da ɗan yashi mai laushi ko ƙaiƙayi, a shanya a inuwa, in ba haka ba hunturu ya farfasa su kafin gari ya waye. A yi musu bukka da kara da ciyawa. Mun sani waɗansu ikilisiyoyi ba su yarda da siffar mutum ba. Wanda yake cikinsu ya tsaya kan tumaki da jaki da komi, ya bar yara su ba da sauran labarin da bakinsu daga Luka sura 2.

In biki ya wuce, a kwance ganyen a zuba a ramin taki, a ajiye zoben geza a rataye domin baɗi. Sarƙar takarda a naɗe ta a kwali tare da busasshen ganyen darbejiya, a ɗora a kan abin da ba ya taɓa ƙasa saboda gara, a kuma leƙa ta sau ɗaya da damina, gama kyankyasai suna son sitaci. Wanda ya san wani ganye ko wata ciyawa a yankinsu da ta fi waɗanda muka ambata jure hunturu, ya rubuto mana ta hannun Edita, mu gwada ta da 'yan ajinmu.