ZAMAN IYALI: Kwarashi a Bakin Gadon Gwaggo

A wannan wata za mu ajiye zancen makaranta, mu kai ku cikin birnin Kano, unguwar Kabara, inda Gwaggonmu take kwance tun watan Janairu na 2024.

Wanda ya san birni ya san Kabara. Tana daf da Gidan Sarki, a nan ne kuma gidan Ƙadiriyya na Shehu Nasiru Kabara yake, wanda ya rasu a 1996. Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Sa'ad da Baba ya karɓi bishara a ƙauye, ita aure ya kawo ta birni, ta musulunta, amma ba ta taɓa yanke zumunci ba. Kowace Kirsimeti alkakinta yana iso mana Sabon Gari, mu kuma ba ma fashin gaisuwar Salla.

Wata asuba cikin hunturu ta tashi za ta yi alwala, sai buta ta suɓuce mata, baki ya karkace. Aka kai ta Asibitin Murtala, likita ya ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ashe ta daɗe da barin shan magani, wai don ba inda yake mata ciwo. 'Yan'uwa, hawan jini ba ya sallama. In an auna ku an ga yana kai 140 bisa 90 a kai a kai, ku bi maganar likita, ku rage gishiri da dunƙulen miya, kada kuwa ku bar magani domin kun ji sauƙi.

Makon da aka sallamo ta, zaure ya cika da takalman masu dubiya. Kafin wata ya zagayo ƙafa ta ɗauke, aka bar 'yarta ita kaɗai da wanki, da ɗagawa, da ba da abinci a baki, dare da rana. Abokiyar wasanmu ce, tun muna yara ba ta raga mana. Ran nan muka tsokane ta, ba ta rama ba, ta dube mu kawai da jajayen idanu. A nan ne muka gane majinyata biyu ne a ɗakin.

Maiɗakinmu ce ta samo dabara. Kowace Talata da Asabar takan hau A Daidaita Sahu ta tafi Kabara da jakar ulu da kwarashi, gama ta koyi saƙa a wurin Zumuntar Mata tun tana amarya. Shawul na goyon jarirai take saƙawa, irin farin nan mai idanu kamar raga, da ado a baki. Mun karanta cewa matan tsibiran Shetlan, arewa da Sikotland, suna saƙa mayafi marar nauyi wanda akan zare shi ta cikin zoben aure. Muka faɗa mata, ta ce nata ko ta cikin awarwaro ba zai wuce ba, amma yana hana jariri jin sanyi.

To, me ya haɗa saƙa da jinya? Mai dubiya da ya zo hannu sake ba ya jure zama. In gaisuwa ta ƙare sai ya shiga surutu, ko ya kawo labarin wani mai magani a wani ƙauye, sa'an nan ya tashi. Mai saƙa kuwa takan zauna awa huɗu shiru, hannu yana aiki, ido yana kan mai ciwo, 'yar gida ta sami barci. Ma'aikaciyar asibiti ta ce a riƙa juya Gwaggo bayan kowace awa 2, a duba ƙugu da dugadugai, kada shimfiɗa ta jiƙe, domin gudun gyambon kwanciya. Maiɗakin ta lura zagaye ɗaya na bakin shawul yana cin kusan wannan lokaci, saboda haka saƙar ta zama agogonta. Har yau ba gyambo ko ɗaya a jikin Gwaggo.

Gwaggo da can gwanar kaɗi ce, mazarinta yana nan a ƙarƙashin gado. Aka riƙa sa mata curin ulu a hannun da ya shanye, tana matsawa kaɗan kaɗan, yadda mai gashin ƙashi ya nuna. Wata biyar maganarta ba ta fita sosai. Wata Asabar tana kallon kwarashin, sai ta ce sarai, "'Yar nan, kin tsallake ido." Aka duba, gaskiya ne. Maiɗakin ta warware layi uku tana dariya tana hawaye.

Shawul uku aka sayar wa matan ikkilisiya masu shirin suna, kuɗin ya tafi kantin magani. Bai isa ba, gama tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kome ya yi tsada, amma ya toshe wata kafa.

Wata 'yar'uwa a majami'a ta tambaya, duk wannan zirga-zirga, an yi wa tsohuwar wa'azi kuwa? Ba mu ji daɗin tambayar ba. A Ayyukan Manzanni sura 9, sa'ad da Dokas ta mutu a Yafa, riguna da tufafin da ta ɗinka ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka. Gwaggo ta san ko mu su wane ne. Maiɗakin tana addu'arta a zuci, in an kira salla kuma ita take kawo wa Gwaggo ruwa.

Mu maza ma kada mu ɓoye laifinmu. Mukan je, mu tsaya minti 15, mu ajiye 'yan kuɗi a gefen katifa, mu fita muna jin mun sauke nauyi. Yanzu an ɗora mana karɓo magani da kai ta awon jini kowane wata. Muna kuma roƙon shugabannin Zumuntar Mata a kowace ikkilisiya su rubuta sunayen gidajen da ake doguwar jinya, a raba ranaku, a fara zuwa bayan wata na fari, lokacin da masu dubiya suka watse.

Gwaggo ba ta taka ba tukuna, sai dai tana zama da kanta in an jingina ta da matashi. Shawul na huɗu ba na sayarwa ba ne. Jikarta tana da ciki, Gwaggo ce kuma ta zaɓi launin ulun, ruwan ƙwai, ta ce fari yana saurin dauɗa.