Inda Kowa Ke da Dalilin Baƙin Ciki, Yaya Za a Gane Marar Lafiya?

Kolofata gari ne a gundumar Mayo-Sava, cikin yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, dab da iyakar Nijeriya. Ranar 27 ga Yuli 2014 mayaƙan Boko Haram suka afka masa, suka kashe mutane, suka yi awon gaba da lamidon garin da matar Amadu Ali, mataimakin firayim minista na lokacin. Daga baya hare-haren ƙunar baƙin wake suka biyo, mutanen ƙauyuka suka bar gonakinsu suka kwararo cikin gari. A irin wannan wuri da wuya a sami gidan da bai yi rashi ba. A ganina, a nan ne ciwon damuwa ya fi samun wurin ɓuya, domin duk wanda aka gani ya yi zugum sai a ce ai da dalili, a ba shi haƙuri, a wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da yaƙi ya shafa yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Amma a bakinmu kalmomi biyu ne suka mamaye fagen: ko a ce mutum lafiyarsa lau, ko a ce ya haukace. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa yawancin masu wahala suke zaune ba tare da an san da su ba. Tsoron kalmar hauka ne ke sa iyali su ɓoye ɗansu har sai abin ya gagara.

Saboda haka tambayar "me ya same shi?" ba ta wadatar ba. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: tun yaushe yake haka, kuma me ya daina yi? Baƙin ciki na rashi yana zuwa yana lafawa. Mai makoki yakan ci abinci in an matsa masa, yakan yi murmushi in jikansa ya yi abin dariya. Ciwon damuwa kuwa ba ya ɗagawa. Likitoci suna auna shi da mako biyu ko fiye, inda mutum ke wuni cikin ƙunci kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so. Sauran alamun suna biye: rashin barci ko farkawa tun kafin assalatu, rashin cin abinci da rama, kasala ba tare da aiki ba, rashin tattara hankali, ganin kai a matsayin kaya ga iyali, da yawan ambaton mutuwa. Manomin da damina ta faɗi bai ɗauki fartanya ba, ko matar da ta daina zuwa biki da suna, sun ba da labari ko da ba su buɗe baki ba. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska.

Sau da yawa ma jiki ne ke kai ƙara. Mutum zai ce kansa yana zafi, gabansa yana faɗuwa, wani abu yana yawo a jikinsa. A sha maganin zazzaɓin cizon sauro, a koma na taifot, ciwo yana nan. Idan gwaji ya yi ta fitowa ba a ga kome ba, lokaci ya yi da za a tambayi zuciya.

Akwai kuma ciwo na biyu da likitoci ke kira baifola, wato mai fuska biyu, wanda hukumar ta ce kimanin mutum miliyan 40 ne ke da shi a duniya a 2019. Fuskarsa ɗaya ita ce ƙuncin da aka bayyana. Ɗayar kuwa kishiyarta ce: na tsawon mako guda ko fiye, mutum ya riƙa barcin sa'a biyu ko uku kuma ya tashi garau, maganarsa ta yi sauri har ba a iya katse shi, ya riƙa ganin kansa ya fi kowa, ya yi saurin fushi, ya rabar da jarinsa ko ya sayar da dabbobin gida don wata sana'ar da ba ta da kai. Haɗarin a nan shi ne dangi su ɗauka waraka ce ta zo bayan dogon ƙunci, ko su ce shafar aljanu ce. Bambance ciwukan biyu wajibi ne, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura mai baifola ya ƙara hawa. Don haka duk wanda ya raka marar lafiya asibiti ya faɗi labarin kwanakin zumuɗin, ko da an yi shekaru da wucewarsu. Ya kuma faɗi gaskiya idan akwai shan tiramol ko wata ƙwaya, tun da ita ma tana kawo alamu masu kama da waɗannan.

Wani zai ce, mene ne amfanin gane ciwon da babu likitansa a kusa? Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru kaɗan ne, kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala, nesa da Mora da Marwa da Garwa. Amma tun 2008 hukumar ta fito da shirin horar da ma'aikatan jinya da likitocin gama-gari su gane waɗannan larurori su kuma fara jinyarsu, kuma magungunan farko ba masu tsada ba ne. Ma'aikacin jinyar da aka gaya wa "ya yi wata biyu ba ya barci, ya daina zuwa kasuwa" ya sami abin kamawa; wanda aka gaya wa "ba ya jin daɗi" bai sami kome ba.

Ba na cewa a bar addu'a ko a raina haƙuri. Mai ciwon sukari yana addu'a yana kuma shan magani, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Haka ya kamata a ɗauki wannan. Abu guda ne ba ya jira: idan mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta shuka tunanin a ransa, sai ma ta buɗe masa ƙofar magana. A kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.