A Daina Zuba Sunayenmu Cikin Hula

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana 'yan makaranta da malamanmu bisa ga yadda a ke shirya gasar ƙwallon kwando a kwalejinmu. Ba don in ɓata wa kowa rai na ke rubutun nan ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bara ina Sabon Tasha wurin gwajin koyarwa, sai ran Laraba aka aiko mini cewa gidanmu zai yi wasa ran Jumma'a da yamma. Na roƙi hedimasta izni, na bar 'yan ajina a hannun wani malami, na biya mota da kuɗin abincina, na bi ta Kachia. Da isowata na tarar an zuba sunayen gidaje takwas cikin hula an jawo, ƙuri'a ta gama mu da masu riƙe da kofi, alhali kuwa mu ne muka zo na biyu a gasar da ta wuce. Muka yi minti 40, suka ci mu da maki biyu. Shi ke nan, horon da muka yi na wata uku ya tashi a yamma guda. Ranar wasan ƙarshe kuwa mutanen nan suka yi wa abokan karawarsu fintinkau, har 'yan kallo suka watse tun ba a tashi ba. Watau wasan ƙarshe na gaskiya an yi shi tun ranar fari, mutane kaɗan ne suka gani.

To, mu yi lissafi, tun da ya ke mu malamai ne. Kadan gidaje takwas suka yi sili ɗaya ƙwale, wasa 7 ne duka. Gida huɗu sau ɗaya tak za su shiga fili, watau rabin 'yan wasanmu za su koma 'yan kallo tun makon fari. Wannan ba shi ne nufin wasan ba. Wanda ya ƙago shi a 1891, James Naismith, malami ne a makarantar horo ta YMCA a garin Springfield na Amurka. An sa shi ya nemo wasan da ɗalibai za su riƙa yi lokacin sanyi, shi ne ya kafa kwanduna biyu ya rubuta dokoki 13. Don a yi wasa aka ƙago shi, ba don a zauna a bakin fili ba.

Wani zai ce, ai manyan makarantun Amurka ma sili ɗaya ƙwale su ke yi. Gaskiya ne. Gasarsu ta soma a 1939 da ƙungiya 8, ta kai 64 a 1985, ta kai 68 a 2011. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, kowace ƙungiya ta kan yi wasa wajen talatin kafin ta zo gasar. Mu kuwa ba mu da wani wasa sai gasar. Na biyu, ba sa jefa ƙuri'a. Su kan kasa ƙungiyoyi kashi huɗu, a jera kowane kashi daga ta 1 zuwa ta 16 bisa ga ƙoƙarinsu, ta 1 ta kara da ta 16, ta 2 da ta 15, domin kada zakaru su kashe juna tun da asuba. Wannan kuwa bai hana ƙarami ka da babba ba. A 2018 UMBC, wadda ta ke ta 16, ta fid da Virginia wadda ta ke ta 1. A 1983 kuma Jami'ar Houston, inda ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon ya ke wasa, ta faɗi a wasan ƙarshe hannun North Carolina State, 54 da 52, ba wanda ya zata.

Ga shawarata. A jera gidajen nan takwas bisa ga yadda suka ƙare bara. Na 1 da na 4 da na 5 da na 8 su zama rukuni guda, na 2 da na 3 da na 6 da na 7 su zama ɗaya rukunin. Ku haɗa lambobin ku gani, kowane rukuni 18 ne, ba wanda aka cuta. Cikin rukuni kowa ya kara da kowa, wasa 6 nan, 6 can. Sa'an nan na farkon wannan rukuni ya gamu da na biyun wancan, waɗanda suka ci su yi wasan ƙarshe. Jimla wasa 15, kowane gida kuwa ya sami wasa uku ko da bai ci ko ɗaya ba.

Na san za a ce fili ɗaya mu ke da shi, lokaci kuma ba ya isa. Kadan aka fara ƙarfe huɗu daidai, aka yi wasa biyu kafin rana ta faɗi, yamma takwas ta ishe mu. In sau uku a ke yi a mako, cikin mako uku an gama. Waɗansu kuma za su ce ƙuri'a ba ta son kai. Haka ne, amma ba ta da ido. Jerin bara kuwa kowa ya san shi, ba mai iya murɗe shi a ɓoye.

Sauran maganar ranaku. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kafa jerin wasanni a allon sanarwa tun makon fari na zango, da rana da sa'a da sunan alƙalin wasa, kada a sāke shi sai da dalili mai ƙarfi. A yi gasar da rani, gama kowa ya san ruwan ƙasarmu, daɓen siminti kuwa in ya jiƙe sai karaya. Kada a sa ta lokacin da rabinmu su ke warwatse a Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Sabon Tasha suna gwajin koyarwa. A bar tsakar ranar Jumma'a da safiyar Lahadi, domin kada a sa wani ya zaɓa tsakanin ibadarsa da gidansa.

Har wa yau, a daina tura wasan 'yan mata cikin tsakar rana sa'ad da kowa ya tafi cin abinci. Ƙungiyar matan Nijeriya ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, maza kuwa a 2015 suka ci nasu. Su ma a ba su yamma, a ba su 'yan kallo.

'Yan'uwa, gobe kaɗan za a rarraba mu makarantun ƙauye, hedimasta ya miƙa wa ɗayanmu usur ya ce, “Malam, shirya mana wasan gidaje.” Abin da muka gani a nan shi za mu yi a can. Yaron da ya yi wasa sau ɗaya aka kore shi ba zai komo fili baɗi ba. Saboda haka ina roƙon kwamitin wasanni su zauna da shugabannin gidaje kafin gasar bana, su duba lissafin nan. In na yi kuskure a gyara mini a fitowa ta gaba.