Ba kowane saƙo ake ba ChatGPT ya rubuta ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku da ke shirin fita SIWES. Na san wasu za su ce na cika tsaurin ra'ayi, amma gara in faɗa.

Wata na huɗu ke nan a Legas. Ina zaune a Agege wajen kawuna, kullum da sassafe in hau danfo zuwa Ikeja inda nake aikin. Mu uku ne 'yan Arewa a wurin. Makon jiya ɗayanmu ya yi fashin kwana biyu. Mahaifiyarsa aka kwantar a asibiti can gida, ya yi ta zirga-zirgar haɗa kuɗin da zai tura. Madam ɗin da ke kula da mu ta ce ya yi mata bayani a rubuce. Sai mutumin naku ya buɗe ChatGPT, ya ce a rubuta masa ban haƙuri, ya kwafe ya tura mata ta WhatsApp. Wallahi ko karantawa bai yi ba. Layin farko shi ne inda na'urar ke ce masa ga wasiƙar da ka nema. Can ƙasa kuma gurbin suna na nan fayau. Abin da ya fi ba ni haushi, tunda bai faɗa wa na'urar dalilinsa ba, sai ta rubuta wai wasu uzurori ne suka taso. Maganar mahaifiya ko sau ɗaya ba ta fito ba.

Madam ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, tunda na'ura ce ta yi fashin, na'urar ta zo ta sa mata hannu a logbuk. Har yau ba ta sa hannun ba. Wanda ya yi SIWES ya san abin da rashin wannan sa hannu ke nufi idan an koma makaranta.

Ni ma fa ina amfani da ChatGPT, kar wani ya ce ƙiyayya ce. Ina tambayarsa abin da ban gane ba a lacca, yana gyara mini turanci. Amma ban haƙuri, ta'aziyya, amsa takardar tuhuma, kai ƙarar wanda ya ci maka mutunci a ofis, waɗannan wani abu ne daban. Mai karanta su so yake ya ji ko abin ya dame ka, kuma da ya gane ba kai ka rubuta ba, ya samu amsarsa.

Kuma ba mu kaɗai muka taɓa faɗawa ramin nan ba. A Fabrairun 2023 wani ɗan bindiga ya kashe ɗalibai 3 a Jami'ar Jihar Michigan a Amurka. Wani ofishi a Jami'ar Vanderbilt ya tura wa ɗalibansa saƙon jaje, a ƙasan saƙon aka bar shaidar cewa da ChatGPT aka rubuta. Ɗalibai suka yi ca a kansu, dole suka ba da haƙuri. Turancinsu ne fa, amma hakan bai cece su ba.

Wani zai ce ai mu Hausawa mun saba tura wakili. Haka ne. A mayankar Oko-Oba inda kawuna ke harkar shanu, in yaro ya saɓa wa maigidansa, dattijo yake nema ya raka shi. To amma dattijon ya san yaron, ya san halin maigidan, kuma mutuncinsa yake jinginarwa. ChatGPT wane mutunci gare shi a idon Madam? Bai san tana jin haushin dogon turanci ba, bai san ita ma uwa ce ba.

Sai maganar sirri, wadda yawancinmu ko tunaninta ba ma yi. Don na'urar ta fahimci rigimar, sai ka kwashe sunan oga, sunan kamfani, har hoton hirarku ka zuba mata. Ina kake zaton abin ya tafi? A 2023 ma'aikatan Samsung sun zuba bayanan cikin gida a ChatGPT, kamfanin ya hana ma'aikata amfani da shi a na'urorin aiki. Kai ɗan SIWES da ko katin ma'aikaci ba ka da shi, in aka kama ka wa zai tsaya maka?

Na san ainihin abin da ke tura mu can: tsoron turanci. Muna gudun a karanta saƙonmu a yi dariya, a ce aboki ne. Ni ma na ji wannan tsoron, har yanzu ina jinsa. To ka rubuta abinka da kanka tukuna, ka cire sunaye, in ya so ka ce a gyara maka nahawu kawai. Sannan ka karanta kafin ka tura, don Allah ka karanta!

Gobe Litinin ni da ɗayan za mu raka shi ofishin Madam. Ya rubuta layi biyar da biro, ya faɗi ranar da aka kwantar da mahaifiyarsa da abin da ya hana shi kira. Na ga kuskuren turanci biyu a ciki, na ce ya bar su haka. Ku sa mahaifiyar tasa a addu'a, har yanzu ba a sallame ta ba.