Fuskarka Ta Zama Fasfo: Ina Hoton Yake Zuwa?



Makon jiya wani abin dariya ya faru a ɗakin kwananmu na makaranta. Yayan wani abokinmu ya kawo masa ziyara. Abokin ya ɗauki wayar yayan, yana kallonta kawai sai ta buɗe, saboda tsananin kamar da suke yi. Mun sha dariya, amma da na kwanta abin ya tsaya mini a rai. Idan waya ta kasa bambanta wa da ƙane, ina ga na'urar da ke tantance dubban matafiya da fuskarsu a filin jirgin sama?

Ga yadda take aiki. Matafiyi zai tsaya gaban kyamara ta ɗauki hotonsa, kwamfuta ta auna siffofin fuskar ta mayar da su lambobi, sannan ta gwada da hoton da ke cikin fasfo ko wanda hukuma ta adana. In sun dace, sai ƙofa ta buɗe. An daɗe ana haka a Dubai. A Amurka hukumar TSA, mai binciken fasinjoji, ta baza na'urorin a filayen jirage da dama. Mu ma nan gida, a 2024 Hukumar Shige da Fice ta kafa irin waɗannan ƙofofi a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja.

Amfaninta a fili yake: layi ya ragu, kuma mai tafiya da fasfon wani zai sha wuya. Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata mu sani.

Na farko, na'urar tana kuskure, kuma ba kowa kuskuren ke shafa daidai ba. A Disambar 2019 cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon gwajin manhajoji 189 na gane fuska. Da yawansu sun fi ɗaukar mutum a matsayin wani idan fuskar ta ɗan Afirka ce ko ta ɗan gabashin Asiya, wasu har ninki 10 zuwa 100 in an kwatanta da fuskar Bature. Kafin nan, a 2018, Joy Buolamwini, mai asali da Ghana, tare da Timnit Gebru sun gwada manhajojin da ke bambanta mace da namiji. Kuskure a kan baƙar mace ya kai kusan kashi 35 cikin 100, a kan farin namiji kuwa bai kai kashi 1 ba. An inganta manhajojin tun daga lokacin, amma irin fuskarmu ce aka fara samun matsalar a kanta.

Na biyu, sata. A 2019 masu kutse sun shiga kwamfutocin wani kamfani da ke yi wa hukumar kula da iyakokin Amurka, CBP, kwangila, inda hotunan matafiya kusan 184,000 suka fita daga hannu. Idan aka sace lambar sirrin katin bankinka, gobe ka je ka sauya. To wa zai sauya maka fuska?

Na uku, tsawon ajiya. CBP ta ce hoton ɗan ƙasa ba ya wuce awa 12 a wajenta, amma na baƙo ana iya riƙe shi har shekara 75. Ɗalibin da ya tafi karatu yana ɗan shekara 20, hotonsa na nan a rumbu har ya ga tattaɓa-kunne.

Su kansu Amurkawa ba su yi shiru ba. A 2023 sanatoci Jeff Merkley da John Kennedy, waɗanda jam'iyyarsu ba ɗaya ba, sun gabatar da ƙudurin taka wa TSA birki. Kuma a wajen binciken TSA fasinja na da damar ya ce ba ya son hoton, jami'i ya duba shi da ido. Da yawa ba sa ƙi, don ba su san suna da wannan dama ba.

A nan Najeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sanya fuska da zanen yatsa cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba ka haƙƙin sanin dalilin karɓar bayananka da tsawon lokacin da za a riƙe su.

Ba cewa nake mu yi gardama da jami'in shige da fice ba. A ƙasar mutane sau da yawa baƙo ba shi da zaɓi. Amma yawancinmu ba mu taɓa hawa jirgi ba, ga shi kullum muna miƙa fuskarmu ga manhajojin ba da rance da na gyaran hoto ba tare da karanta layi ɗaya ba. A nan ne muke da zaɓi. Kafin ka kalli kyamara, ka tambaya: wa zai ajiye hoton, har yaushe, kuma in na ƙi akwai wata hanya? Matambayi dai ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.