Dukancin Zongon Kumasi: Gadon da wele da roba ke cinyewa

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Masaƙan Bonwire sun yi murna, kuma sun cancanta. Amma labarin ya bar mu mutanen Zongo da tambaya: ina namu aikin hannun ya kwana? Wanda ya zaga Aboabo, Asawase, Alabar da Sabon Zongo yau zai ga teloli da makanikai a kowane lungu, amma sai ya yi ta tambaya kafin a nuna masa baduku mai ɗinka gafaka, kube ko buzu.

Sana'ar nan ba baƙuwa ba ce a garin. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya zo Kumasi a 1817, ya tarar da Musulmi suna da mutunci a fadar Asantehene, ana neman layun da suke rubutawa. Babbar rigar yaƙin sarkin, Batakarikese, lulluɓe take da layu: malami ya rubuta, mai aikin fata ya ɗinke. Wato allurar baduku ta shiga fadar Tonawa tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Gana.

To me ya kawo koma bayan? Dattawa sukan ce yaran yanzu ba su da haƙuri, sun fi son tuƙa pragya su ga kuɗi da yamma. Akwai gaskiya a ciki, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Babbar matsalar ita ce fatar kanta. Yawancin ƙirgin shanun da ake yankawa a mayankar Kaase ba ya zuwa hannun majemi, babbake shi ake yi ya zama wele, ya ƙare a kan waakye. Mahauci ba shi da laifi: mai wele tana biya nan take, jima kuwa sai an jiƙa fata da toka, an kankare gashi, an tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, an rina, kwanaki suna tafiya. Da majema suka yi ƙaranci, sai baduku ya koma jiran fata daga Bolgatanga, Tamale ko Kano, ga kuɗin mota, ga canjin kuɗi. Kafin ya gama takalmi ɗaya, na roba da na gwanjo sun cika Kejetia a farashin da ba zai iya karawa da shi ba. Uban da sana'arsa ba ta biyan kuɗin makaranta, da wane baki zai ce wa ɗansa ya zauna ya gaje shi?

Akwai darasi a Indiya. A garuruwan Udaipur da Jodhpur na jihar Rajasthan, akwai iyalan da suka gaji sassaƙa hauren giwa suna dasa shi cikin katako don ƙawata ƙofofi da akwatuna. Da aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, sai aikin ya koma kan ƙashin raƙumi da na ɓauna. Yau teburansu da madubansu suna shagunan Turai da Amurka. Sun canja abin aiki, sun canja mai saye, amma hannun bai mutu ba.

Mu ma muna da abin da muke zubarwa. Duk Babbar Sallah, fatun layya da yawa a unguwanninmu ko dai a babbake su, ko su ruɓe a bola. Da masallatan Juma'a za su tsara tattara su a barbaɗa musu gishiri a ranar, a miƙa wa ƙungiyar majema, da an sami fatar aikin watanni, masallaci ma ya sami ɗan kuɗin shiga.

Sai kuma batun hukuma. Asusun raya Zongo da aka kafa da doka a 2017, da shirin koyon sana'a na ƙasa da gwamnatin Shugaba Mahama ta ƙaddamar a 2025, ƙofofi ne da za a iya ƙwanƙwasawa. Amma gwamnati ba ta ganin mutum ɗaya a zaurensa, ƙungiya mai rajista take gani. Nan ne sarakunan Zongo da 'yan majalisarmu za su yi amfani: a san dukawa nawa suka rage, a haɗa su wuri ɗaya, a sa su cikin iyayen gidan da za a tura wa almajirai.

Su ma masu gadon sai sun sassauta. Ilimin da aka kulle a gida ɗaya, ranar da tsoho ya rasu tare ake binne su. In ɗan cikinka bai so ba, ɗan maƙwabci fa? 'Ya'ya mata fa, waɗanda suka iya ɗaukar hoton jaka su sayar a WhatsApp da TikTok? Mai sayen kube ya ragu, amma mai neman jakar kwamfuta da takalmin Sallah na fata zalla yana nan.

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Dattawan da suka san sirrin bagaruwa da karan dafi suna raye yanzu, kuma ba za su jira mu har abada ba.